Kwando da Igiya a Malta, Shekarar Mura

Tun da na dawo ban samu na sha shayi a natse a bakin layinmu ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Malam Hamisu, wai da gaske ruwa ne ya zagaye ƙasar tasu ta ko'ina?" Na ba da amsa a Unguwar Shanu, na bayar a ofis, na bayar a wurin suna, har labarin ya fara canja kama a bakin mutane. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai a cikin teku muka kwana. Don haka na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru, mai so ya karanta.

Mu biyu aka tura. Ni ina karanta labarai da sanarwa a gidan rediyon nan da ke aika magana ta waya zuwa akwatunan da ke rataye a bangon gidaje. Abokin tafiyata shi ne Malam Ishaya, babban mai gyaran wayoyinmu, mutumin kudancin Zariya, Kirista, yana zaune a Kawo da iyalinsa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Mutanen tsibirin Malta sun riga mu fara irin wannan aiki, kuma an ce da wuya ka shiga gida a can ba ka ga akwati ba, shi ya sa aka ce mu je mu ga yadda suke yi. A lokacin ni da bakina ina karanta labarin murar nan da ta taso daga gabas tana bin ƙasashe, amma a wurina labari ne kawai, irin wanda ake karantawa a wuce.

A tashar jirgin ƙasa matarsa Saratu ta ja ni gefe.

"Malam, ga shi nan," in ji ta. "Ba ya faɗin ciwo, ba ya roƙon abinci. Yadda na ba ka shi, haka nake so ka dawo mini da shi."

"Ji mata," in ji Ishaya. "Kamar wadda ta ba da akuya kiwo."

"Akuya ai tana kuka in ta ji yunwa," ta ce, ta miƙa masa ƙunshin kuka da daddawa da yaji.

Jirgin ƙasa ya kai mu Kano, daga nan muka shiga na sama muka ƙetare Sahara. Ba ni da abin faɗi game da hamada, don ban ga komai ba sai rairayi. Ishaya ma bai duba taga ba. Fitilun da ke saman kujeru yake ta kallo yana lissafin inda aka bi da wayarsu, har ma'aikaciyar jirgin ta zo ta tambaye shi ko wani abu ya lalace. Muka sauka Tarabulus, muka canja zuwa wani ƙaramin jirgi mai girgiza kamar tsohuwar akori-kura a hanyar damina.

Daga sama ana ganin ƙasar gaba ɗayanta. Tsawonta bai kai rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba. Dutse ne rawaya, babu kogi, babu daji.

A bakin shiga aka jera mu, wani ma'aikacin lafiya yana sa wa kowa tsinken awon zafi a baki. Ashe Ishaya ya riƙe shayin da aka ba mu a jirgi, sai da muka zo sauka ya kwankwaɗe shi da zafinsa don kada ya yi asara. Mutumin ya duba tsinke, ya dubi Ishaya, ya nuna masa wani benci a gefe. Muka zauna muna kallo har kowa ya wuce. Da aka sake awo aka ga lafiyarsa ƙalau. Sai kuma kwastan. Jami'in ya kwance ƙunshin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina. Suka tambaya da Turanci, abinci ne ko magani?

"Duka biyun," in ji Ishaya.

Suka ɗaure masa da sauri suka ce mu tafi.

An sama mana masauki a gidan wata mata mai suna Karmena, a wani siririn layi da gidajensa suke manne da juna, kowanne bene. Mijinta yana nan amma ba ya fita. Ƙurar gine-ginen da aka rushe lokacin yaƙin duniya ta taɓa masa ƙirji, kullum yana zaune a ƙasa kusa da akwatin rediyo yana numfashi da ƙyar. Mu aka ba mu ɗakin sama, mai wata baranda ta katako rufaffiya da ta leƙo kan layi, da tagogi a jikinta.

Abin da ya fara ba ni mamaki harshensu ne. Mutane ne Kiristoci gaba ɗaya, kowace unguwa da cocinta mai girman gaske, amma in suka buɗe baki sai ka ji kamar Larabci. Allah suke kiran Ubangiji, ƙirgensu ma kusan irin wanda muka koya a makarantar allo. Da ɗan Larabcina da ɗan Turancinta muka riƙa fahimtar juna da Karmena. Da ta ji Ishaya Kirista ne ta rungume hannunsa don murna. Da ta gane shi ba ɗan cocinsu ba ne, sai ta sake shi a hankali, ta dubi sama, ta yi ajiyar zuciya.

"Kai ta fi so yanzu," in ji Ishaya. "Kai ta san ba ka san hanya ba. Ni kuwa na sani na kauce."

Abinci bai ba ni wahala yadda na zata ba. Na faɗa mata abin da ba na ci, ta riƙe. Burodinsu mai ɓawo ne da tauri, su goga masa tumatir, su zuba man zaitun. Akwai kifi, akwai cukun akuya ƙanana. Zomo shi ne naman alfarma. Suna cin dodon koɗi, wanda ni da Ishaya muka haɗu a kan cewa ba da mu ba. Ruwan famfonsu da ɗan gishiri-gishiri, shayi ba ya daɗi da shi. Daddawa kuwa sau ɗaya ta shiga madafar Karmena. Washegari muka tarar da ƙunshin a rataye a waje.

Motocin haya kowace hanya da launinta, wanda bai iya karatu ba ma ba ya ɓata. Na so a ce direbobin Kawo sun ga wannan. Wata al'adar kuma da ta burge mu ita ce ta kwando. Mace ba ta saukowa daga bene don sayen burodi. In mai burodi ya busa ƙahonsa sai ka ga kwanduna suna saukowa da igiya daga tagogi, ya zuba, a ja. Ishaya ya tsaya ya duba ƙullin igiyar, ya ce mutanen nan sun san aiki.

A wurin aiki sun karɓe mu da kyau. Hirarsu a lokacin biyu ce: ko za a haɗe ƙasarsu da Ingila ko ba za a haɗe ba, da kuma tsoron za a rage ma'aikata a wurin gyaran jiragen ruwa, inda gidaje da yawa suke ci. Ana wannan gardama mura ta shigo ta raba. Yau ka ga kujera ɗaya ba kowa, gobe uku. Makarantar da ke ƙarshen layinmu ta sallami yara. Da tsakar rana akwati yana karanta sunayen waɗanda suka rasu, kowa ya tsaya cak ya saurara, don a ƙasa ƙarama irin wannan ba a rasa wanda aka sani.

Ishaya ya dawo wata rana daga hawan falwaya da mutanensu, ya ce kansa na sarawa. Kafin gari ya waye jikinsa ya yi zafi rau. Likita ya zo, ya ce mura ce, ya ba da magani, ya ce a bar shi shi kaɗai, ya sha ruwa, ya ci abinci. Karmena ta dubi mijinta, ta dube ni. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta sauko da kayana ƙasa, ta rufe ƙofar matakala, ta sa mabuɗin a aljihu. Akwai bayi da ruwa a sama, abinci kuma ga kwando. Ban ga laifinta ba. In murar ta sauko ta kama mutumin nan, ba zai tashi ba.

Haka muka fara. Da safe in fita layi in kira shi, ya sauko da kwando, in sa kwano, ya ja, in ruga in kama mota. Da yamma ya sauko da kwanon.

Kwanon yana dawowa yadda ya hau.

Na ce ko abincinsu ne ba ya shiga. Na roƙi Karmena ta ba ni murhu a tsakar gida, na kaɗa miyar kuka da daddawar Saratu, na tuƙa wani abu mai kama da tuwo da garin da na samu. Maƙwabta suka rufe tagogi. Kwanon ya hau, ya sauko, ko cokali ba a sa ba. Likita ya dawo ya ce zazzaɓin ya fara sauka, ƙirjin ma da sauƙi, amma mutumin yana ƙarewa. Ya ce in haka ta ci gaba sai asibiti, asibitin kuma ya cika, kuma bai ga yadda za a bar mai irin wannan rauni ya hau jirgi ba. Maganar Saratu ta dawo mini kalma kalma.

Wata safiya na kira, kwando bai sauko ba. Na sake kira. Na bar motar ta tafi, na tsaya a tsakiyar layi ina kiran sunansa da muryar da ban taɓa amfani da ita a gidan rediyo ba. Can sai taga ta buɗe. Na ga fuskarsa, duk ta zurma.

"Mai-murya, ka tafi aikinka," in ji shi, da sunan da ya laƙaba mini.

"Malam Ishaya, me ya sa ba ka ci?"

"Ba na jin yunwa."

"Likita ya ce ka samu sauƙi."

"Likita ya faɗa maka abin da ake faɗa wa ɗan rakiya." Ya yi tari, ya jingina da katakon. "Ni ina da ido. Tun da na kwanta, wa ya zo ya ce mini sannu? Mai burodi ya daina busa ƙaho in ya zo nan. Yara sun daina wasa. Tsohuwar can ta gidan da ke kallonmu, in ta dubi tagar nan sai ta yi alamar gicciye ta sunkuyar da kai. Jiya fada, limamin cocinsu, ya wuce da ƙararrawa, ya ɗaga kai ya dube ni."

"Ni fa? Kullum ina gaishe ka."

"Kai amana aka ba ka, dole ce. Kuma kana tambayata jiki kamar kana karanta farashin gyaɗa, ƙafarka ɗaya a hanya."

Ban musa ba. Sai ya ce:

"Ina yaro agana ta shigo garinmu. Ta kama yayana Dogo. Aka yi masa bukka a bayan gari. Uwarmu takan kai ƙwarya ta ajiye a kan wani dutse, ta juyo ba ta waiwaya. An hana ta magana da shi, wai ciwon yana bin murya. Ni ina laɓe ina gani. Da farko yana fitowa ya ɗauka. Da ya ga ba mai ce masa komai, sai ya bari. Ya san an gama da shi." Ya taɓa igiyar da ke ɗaure a taga. "Wannan kwando, dutsen nan ne. An dai sa masa igiya."

Ya rufe tagar.

Na koma ciki na zaunar da Karmena. Sai da na haɗa Larabci da Turanci da hannuwa kafin ta gane. Na ce a wurinmu in mutum ya kwanta, unguwa duka za ta zo, a cika ɗaki, a yi masa sannu, a kawo abinci, a yi hira a kansa har ya gaji. Wanda ba a zo dubiyarsa ba, ko dai ba shi da mutane, ko an fid da rai da shi.

Ta dafe ƙirji. Ta ce ita ce ta bi gida gida ta roƙi a yi shiru saboda baƙonta. Ita ta hana mai burodi busa, ita ta kori yara. Tsohuwar nan kuwa addu'a take yi masa safe da yamma, har kyandir ta kunna masa a coci duk da ba na cocinsu ba ne.

"Hayaniya kake so a ƙarƙashin tagar marar lafiya?" ta ce. "Ku wane irin mutane ne?"

Mijinta, wanda ban taɓa jin ya yi doguwar magana ba, ya ce mata wani abu a hankali. Ta dube shi, ta ɗauki mayafinta ta fita. Daga baya ta faɗa mini abin da ya ce: shi ma tun da ya zauna a kujerar nan kowa a hankali yake tafiya kusa da shi, kuma ya gaji.

Washegari da aka taso daga coci suka taru a layi, nesa kaɗan da bango. Na koya musu kalmomi uku, na maimaita musu kamar ina koyar da sabon mai sanarwa. Salbu mai burodi, wani ƙato mai gashin baki, shi ya fara. Ya busa ƙahonsa da ƙarfi, ya ɗaga kai ya yi ihu:

"Sanu! Yaya ciki!"

Taga ta buɗe. Ishaya ya leƙo, ya ga layi cike da mutane suna kallonsa. Ya kama tagar kamar zai rufe. Amma mutumin da aka yi wa tarbiyya ba ya barin gaisuwa a ƙasa.

"Da sauƙi," ya ce. Ya dube ni. "Ka faɗa masa jiki ake cewa. Ciki na mata ne."

Ban faɗa masa ba. Tsohuwar ta matso da baƙin lulluɓinta mai kama da rumfa, ta yi tata gaisuwar. Wani mai gyaran takalma ya yi. Karmena ta yi, tana share ido tana harararsa a lokaci guda. Kowa sai Ishaya ya amsa masa. Sannan na ce ya sauko da kwando.

"Na ce ba na jin yunwa."

"Ba nawa ba ne," na ce. Na ɗaga kwano sama yadda zai gani, na yi irin muryar da nake karanta gaisuwar masu saurare. "Wannan romo daga Salbu mai burodi, matarsa ce ta dafa. Yana gaishe ka, yana yi maka fatan sauƙi."

"Ka ce na gode."

"Ga shi nan tsaye. Kwanonsa yake jira."

Ishaya ya dubi Salbu. Salbu ya harɗe hannuwa yana murmushi, bai san me ake cewa ba, amma bai da niyyar tafiya. A garinsu Ishaya, kamar a namu, ba a mayar wa mai dubiya kwanonsa da abinci a ciki yana kallo. Igiya ta fara saukowa.

Kwanon ya dawo babu komai, an ma ɗauraye shi. Layi ya ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo.

Daga ranar abin ya zama aiki. Suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowane kwano da sunan mai shi, kowa kuma sai ya tsaya ya karɓi abinsa. Yara suka dawo wasa, suna wucewa suna ihun "sanu" ko da tagar a rufe take. Ranar tsohuwar, na buɗe murfin kwanonta na ga dodon koɗi a cikin miya. Na rufe, na sa a kwando, na karanta sunanta. Kwanon ya daɗe a sama. Ya sauko wayam.

"Mai-murya," in ji Ishaya daga taga, "wannan ba zan yafe maka ba har a gaban Allah."

Da na ji haka na san zai tashi.

Da likita ya yarda aka buɗe matakala, wandonsa sai da aka ƙara masa huda a ɗamara, amma da ƙafarsa ya sauko. Mijin Karmena bai kamu ba. Ranar tafiya ta kwance kwandon da igiyarsa ta ba Ishaya. A filin jirgi aka zo da shayi kafin awon zafi, ya ce ko kyauta ba ya so.

Saratu tana tashar Kaduna. Ta zagaya shi tana dubawa.

"Malam, wannan ai bai kai wanda na ba ka ba."

"Saura yana hanya," in ji Ishaya.

Mun tarar mura ta bazu a Kaduna. Ban daɗe da komawa aiki ba aka miƙo mini sanarwa daga ma'aikatar lafiya: a guji cunkoso, a bar marar lafiya shi kaɗai, a dakatar da zuwa dubiya. Shawara ce mai kyau, na karanta ta yadda aka rubuta, safe da yamma. Na nemi a ƙara layi ɗaya, cewa ana iya tsayawa daga waje a ɗaga murya a yi sannu. Aka ce za a duba.

Ana cikin dubawa ta kama ni. Matata tana Zariya wurin iyayenta, goyon ciki, ni kaɗai ne a sashena. Maƙwabtana mutanen kirki ne. Sukan ajiye kwano a bakin zaure su ƙwanƙwasa su tafi. Da na yi wa ɗaya ƙorafi ta bayan ƙofa, sai ya ce, "Haba Malam, ai kai ka faɗa a akwati." Na san dalili, na san ba a fid da rai da ni ba, na ma fi kowa sanin sanarwar. Duk da haka na kwanta ina sauraren takun mutane suna wucewa, kwanonin kuma suka fara taruwa a zaure da murfinsu.

Wata rana da hantsi na ji ƙararrawar keke a bayan katanga, an yi ta kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Na lallaɓa na fito tsakar gida. Sai ga doguwar gora ta leƙo ta saman katangar, kwandon Karmena yana lilo a bakinta.

"Sanu! Yaya ciki!"

"Da sauƙi, Malam Ishaya. Daga Kawo ka taho da gorar nan a keke?"

"Bar wannan. Saurara." Ya gyara murya, ya kwaikwayi tawa, har da ɗan tsayawar da nake yi kafin suna. "Wannan fate daga Saratu ta Kawo. Tana gaishe ka, tana yi maka fatan sauƙi."

"Ka ce na gode. Ba na jin yunwa."

"Ta ce kada in dawo mata ba kwano. Ni kuwa ga inuwa na samu, ba inda za ni."

Na sauke kwandon, na zauna a bakin rijiya, na buɗe murfi a hankali ina leƙawa.

"Ci, Mai-murya," in ji shi daga bayan katanga. "Na nemi dodon koɗi duk Kaduna ban samu ba."

Bakina ba ya jin ɗanɗanon komai. Na cinye, na ɗauraye kwanon, na sa a kwando, na ja igiyar sau biyu.